Littattafan karanta abokin karawa a wasan foka: da gaske suna aiki?

Sadauki_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu karance-karance a cikinmu. Kwanan nan na shiga kallon gasar foka, wato wasan karta da ake zuba kuɗi, ta duniya da ake yi duk shekara a Las Vegas, a YouTube nake bibiyarta. Tun farko in faɗa, ban taɓa sa ko kwabo a wasan ba, kuma ba ni da niyya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutum zai zuba wa abokin karawarsa ido na minti biyu, sannan ya zubar da kati mai kyau, daga baya a ga ashe gaskiyarsa. Wani kuma ya bi da kati marar ƙarfi, a buɗe a tarar ɗayan burga kawai yake yi. Na ji an ce akwai littattafan da aka rubuta takanas a kan wannan, yadda ake gane abin da ke hannun mutum daga fuskarsa da motsinsa. Da wanne ya kamata in fara? Kuma ku da kuka karanta, abin yana aiki ko dai cinikin littafi ne kawai?

Gwani_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Fara da na Mike Caro, Caro's Book of Poker Tells. Ya fara fitowa a 1984, kuma duk wanda ya yi rubutu a fannin bayansa a kan tubalinsa ya ɗora. Caro ya raba 'yan wasa gida biyu: wanda bai san jikinsa na tona masa asiri ba, da wanda ya san ana kallonsa don haka yake wasan kwaikwayo. A kan na biyun ne ya kafa ƙa'idarsa da ta yi suna, cewa mai nuna rauni ƙarfi gare shi, mai nuna ƙarfi kuma rauni yake ɓoyewa. Wanda ya yi ajiyar zuciya, ya kau da kai kamar abin bai dame shi ba, sannan ya tura kuɗi a hankali, ka ji tsoronsa. Wanda ya dangwarar da kwabban robar da ke matsayin kuɗi da ƙarfi yana zare maka ido, sau da yawa so yake ka tsorata ka janye.

Abu biyu suka fi zauna mini a littafin. Na farko, rawar hannu. Kowa zai ɗauka wanda hannunsa ke karkarwa lokacin zuba kuɗi ƙarya yake, tsoro ya kama shi. Caro ya ce akasin haka ne: farin cikin samun babban kati ne ke sa hannu rawa, shi kuwa mai burga sandarewa yake, har numfashi yakan riƙe, don kada ya yi wani motsi da zai sa a bi shi. Na biyu, ya ce idan mai rabawa na buɗe katunan tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa, kada ka kalli katunan, ba inda za su je. Kalli mutane. Wanda ya saci kallon kwabbansa nan take ya kau da ido, katin ya yi masa daɗi, har ya fara lissafin nawa zai zuba.

MamanIlham:
To ai Bahaushe ya riga Baturen nan faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska. Ni da nake da yara huɗu, ba na buƙatar littafi kafin in san wanda ya sha madarar da na ajiye.

Abu_Hanif_Zariya:
'Yan'uwa, kafin zancen ya yi nisa, ya zama wajibi a tunatar. Foka caca ce, kuma hukuncin caca a bayyane yake, a duba Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90 da 91. Ayar Ma'ida ba cewa kawai ta yi kada a yi ba, cewa ta yi a nisance ta. Sadauki, na ji ka ce ba ka sa kuɗi, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ni abin da nake ji maka tsoro shi ne, wanda ya karanta littafi uku a kan yadda ake cin mutane a teburi, wata rana zuciya za ta raya masa ya je ya gwada iliminsa. Ba na cewa karatun halayyar ɗan Adam haramun ne. Ina cewa a lura da ƙofar da ake shiga ta cikinta.

Sadauki_Fagge:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri, kuma na riƙe nasihar. Ni ɓangaren sanin halin mutum ne ya ja ni. Aikina saye da sayarwa ne, kullum ina gaban mutanen da ba sa faɗin abin da ke ransu.

Malama_Halayya:
Maman Ilham, karin maganar nan gaskiya ce a cikin gida, saboda kin san fuskar yaranki tun ranar da aka haife su. A teburin ƙwararru kuwa bincike ya nuna wani abu dabam. A 2013 Michael Slepian da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a mujallar Psychological Science. Sun yanko gajerun bidiyo daga gasar duniya ta 2009, daidai lokacin da 'yan wasa ke tura kuɗi tsakiya, suka nuna wa ɗalibai, suka ce su ƙiyasta ƙarfin katin da ke hannun kowa. Wasu fuska kawai aka nuna musu, wasu hannu kawai. Waɗanda suka kalli fuska sun yi kuskure har fiye da wanda ya yi canke, wato fuskar ɓatar da su ta yi. Waɗanda suka kalli hannu kuwa sun fi canke dacewa. Mai kati mai ƙarfi hannunsa na tafiya sumul ba gargada. Ƙwararren ɗan wasa ya shekara yana horar da fuskarsa, amma bai cika tunawa da hannunsa ba.

Sai dai kada a ɗauki wannan da girma fiye da yadda yake. Fifikon da masu kallon hannun suka samu ba wani mai yawa ba ne. Kuma akwai babban nazarin da Charles Bond da Bella DePaulo suka yi a 2006, inda suka tattara bincike masu yawa a kan gane ƙarya. Sakamakon shi ne mutane na dacewa kashi 54 cikin 100, alhali wanda ya jefa kwabo sama zai dace kashi 50. Shi ya sa idan littafi ya yi maka alkawarin za ka riƙa karanta mutane kamar jarida, ka rage wani abu daga alkawarin. Shi kansa Caro, a ƙarƙashin kowace alama yakan rubuta kashi nawa cikin 100 take gaskiya da kuɗin da za ta iya kawo maka. Waɗannan lambobin ƙiyasinsa ne daga gogewarsa, ba daga ɗakin gwaji suka fito ba.

BaDamagare:
Ni Joe Navarro na karanta, kuma na fi jin daɗinsa. Mutumin a Kyuba aka haife shi, ya je Amurka yana yaro bai iya Turanci ba, ya ce a nan ya koyi karanta jikin mutane tunda bakinsu ba ya ji. Ya yi shekara 25 a FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka. A 2006 ya fitar da Read 'Em and Reap tare da Phil Hellmuth, wanda ya fi kowa yawan lashe munduwar da ake bai wa zakara a gasar duniya. Shi Navarro cewa ya yi ƙafa ta fi kowace gaɓa faɗin gaskiya, fuska kuma ta fi kowace iya ƙarya, wanda ya yi daidai da abin da Malama ta kawo. Mutum in ya ji daɗi ƙafarsa takan yi ta rawa, in ya shiga damuwa sai ya harɗe su a ƙafar kujera ko ya janye su baya. Sannan akwai motsin lallashin kai: shafa wuya, murza cinya, matse leɓe har su ɓace. Sadauki, tunda ka ce ba wasan ne a gabanka ba, ka nemi ɗaya littafin nasa na 2008, What Every BODY Is Saying, ba a kan karta aka rubuta shi ba.

Gwani_Lissafi:
BaDamagare, matsalata da zancen ƙafa ita ce ƙafar tana ƙarƙashin teburi. Navarro ya ce ana ganin alamar rawar a kafaɗa da riga, na yarda, amma ga mutum tara a zagaye da kai, wa za ka kalla? Sannan shi ɗan bincike ne da ya saba zama da wanda ake tuhuma, ba ɗan wasa ba. Wanda ake yi wa tambayoyi a ofis da wanda ya zo da ƙafarsa don ya yaudare ka, yanayinsu ba ɗaya ba.

BaDamagare:
Haka ne, amma a yi masa adalci. Ya sha nanata cewa babu motsi guda da ke nuna ƙarya. Abin da jiki ke nunawa shi ne kwanciyar hankali ko rashinta. Dalilin rashin kuwa kai za ka nemo.

Malama_Halayya:
Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ginshiƙi. Masanin halayya Paul Ekman ya kira kuskuren da ake yi a nan da sunan Othello, mutumin cikin wasan Shakespeare da ya ga matarsa ta firgita ya ɗauka shaidar cin amana ce, alhali tsoron kada a ƙi yarda da ita ne ya firgita ta. Sabon ɗan wasa na iya yin gumi don bai taɓa ganin kuɗi mai yawa haka a gabansa ba, ko da kuwa katinsa ya fi na kowa.

Dillalin_Wudil:
Ni ban san foka ba, ban taɓa ganin yadda ake yinta ba, amma duk abin da kuke faɗa a kara muke yinsa kowace Juma'a. Mai saye na gaskiya ba ya tsayawa a kan san da yake so. Zai wuce shi, ya je ya dafa wani, ya kushe wanda ransa ke kai, ya ce ƙahonsa ya karkace. Amma ka lura da idonsa, sau uku zai waiwayo. Shi kuma mai dabba in ya ce albarka da ƙarfi yana juya baya, galibi saura kaɗan ya sallama. Wanda ya ce albarka a hankali yana murmushi, wannan ko ka kwana a wurin ba zai rage ba, ba matsuwa ce ta kawo shi ba. Ashe abin da Baturen Gwani ya rubuta ke nan.

Sai dai zan ƙara abu guda da mahaifina ya koya mini, Allah ya jiƙansa. Ya ce kada ka yanke wa baƙo hukunci a cinikin farko. Akwai wanda haka Allah ya yi shi, ko gaisawa kuke sai ya kau da kai. Sai ka san yadda mutum yake in ba komai, sannan za ka gane ranar da ya canza. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon da ya daɗe a kasuwa ake nufi.

Sadauki_Fagge:
Baba Dillali, wallahi wannan bayanin ya shige ni fiye da komai. Allah ya ƙara girma.

Tsohon_Dalibi_Lefkosha:
Na daɗe ina karanta maganganunku ina shawarar ko in yi shiru. Zan yi magana saboda Sadauki, don ni ma da kallon YouTube na fara.

Na yi karatu a Arewacin Saifurus. Duk wanda ya zauna can ya san gidajen caca sun yi yawa, a manyan otal suke, kuma akwai wasannin da ake shiryawa a ɗakunan ɗalibai. Na karanta Caro daga bango zuwa bango, na karanta Navarro, ina da littafin rubutu da nake tara alamomin mutanen da muke wasa da su. Kuma zan faɗi gaskiya, a kan sababbin 'yan wasa abin yana aiki. Akwai wani yaro da duk sanda ya samu kati mai kyau sai surutunsa ya ƙaru, in burga yake sai ya yi tsit. Na ci kuɗinsa sau da yawa, kuma har yau abin na damuna.

Abin da littattafan nan biyu ba su shirya ni a kansa ba shi ne ni kaina. Wata rana na karanta mutum daidai, na san katina ya fi nasa, na tura duk abin da ke gabana, katin ƙarshe ya faɗo ya ba shi nasara. Daga wannan daren ban ƙara ganin alamar kowa ba, ramuwa kawai nake nema. Duk wanda ya zuba kuɗi sai in ga kamar burga yake, saboda haka nake so ya zama. Cikin mako uku kuɗin makarantar zango guda da mahaifina ya sayar da fili ya turo mini suka tafi. Sai da na yi wata biyu ina ɓoye masa. Ranar da na faɗa masa a waya bai yi faɗa ba, shiru ya yi, sannan ya ce Allah ya shirye ka. Wannan shirun ne ya raba ni da karta, yau shekara shida.

Don haka amsata ga tambayar ita ce: e, akwai gaskiya a littattafan. Amma gaskiyar da ke ciki ita ce ta ba ni ƙarfin zuciyar zama a teburin da bai kamata in zauna ba.

MamanIlham:
Allah sarki ƙanena. Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya saka wa mahaifinka da alheri. Ba kowa ke iya fitowa ya faɗi irin wannan ba.

Abu_Hanif_Zariya:
Allah ya karɓi tubarka, ya mayar maka da mafi alheri. Abin da nake nufi ɗazu ke nan, amma daga bakinka ya fi nauyi.

Malama_Halayya:
Tsohon Ɗalibi, na gode da ka buɗe mana zuciyarka. Abin da ya same ka yana da suna a wurinsu, kuma akwai rukunin littattafai dabam a kansa. Jared Tendler, wanda ya fara da horar da tunanin 'yan wasan golf, ya rubuta The Mental Game of Poker a 2011 tare da Barry Carter. Ya kasa wannan hawan zuciyar da ke lalata hukuncin ɗan wasa gida bakwai. A ciki akwai na jin an zalunce ka, na ƙin faɗuwa, na ganin kai ka cancanci ci, na ramuwa, da na ƙarshe wanda ya fi muni, na wanda ya matsu ya dawo da abin da ya rasa ko ta halin ƙaƙa. A labarinka na ga ka bi ta uku daga ciki a jere. Kafin shi akwai Alan Schoonmaker da The Psychology of Poker a 2000, wanda ya auna 'yan wasa a kan ma'auni biyu: yawan shiga wasa ko kamewa, da kuma zafin kai hari ko sanyi. Shi ya fi damuwa da tambayar me ya kawo mutum teburin tun farko.

Amma in faɗi ra'ayina a fili, littafin Tendler an rubuta shi ne don mutum ya ci gaba da wasa da kyau. Wanda caca ta kama, ba gyaran wasa yake buƙata ba, tashi yake buƙata, kamar yadda ka yi.

Injiniya_Kawo:
Ku yi haƙuri in kawo wani ɓangaren. A ganina duk zancen alamomin nan ya zama tarihi. A farkon 2017 wata manhaja mai suna Libratus, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararru huɗu a Pittsburgh na kwana 20, an raba kati sau 120,000, ta doke su da tazarar kwabban wasa na sama da dala miliyan 1.7. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida. Manhajojin nan ba su da ido. Ba su taɓa ganin rawar hannu ko shafa wuya ba. Lissafi kawai suke, kuma suna yin burga daidai gwargwadon da lissafin ya ce. Dama tun 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka nuna a littafinsu na ka'idar wasanni cewa burga ba halin maƙaryata ba ne kawai, dole ce ta lissafi: in ba ka taɓa yinta, ba wanda zai bi ka ranar da kake da kati mai kyau. To in na'urar da ba ta ganin fuska ta fi gwanayen duniya, me ya rage wa Caro?

Gwani_Lissafi:
Injiniya, abin da ka kawo gaskiya ne amma bai rushe zancen ba. Ya nuna ana iya yin nasara ba tare da karanta jiki ba. Bai nuna cewa jikin ba ya magana ba. Na'ura na wasa ne yadda ba za a iya cutarta ba, shi kuwa mai karanta alama yana neman inda ɗan Adam ya bar ƙofa a buɗe. Inda na yarda da kai shi ne tsari: lissafi ne tuwo, alama miya ce. Wanda bai san ƙa'idar wasan ba, ko ya haddace Caro ba abin da zai tsinana.

Kuma fannin bai tsaya a 1984 ba. Zachary Elwood ya fitar da Reading Poker Tells a 2012, sai Verbal Poker Tells a 2014 wanda ya keɓe ga abin da mutane ke furtawa a teburi. Abin da ya gyara shi ne lokaci. Ya ce motsi ɗaya na iya nufin abu biyu mabambanta, ya danganta ko mutum na jiran a zo kansa ne, ko yana cikin zuba kuɗi, ko ya riga ya zuba yana jiran hukuncinka. Wanda ya zuba babban kuɗi sannan ya saki jiki yana hira yana tsokanarka, galibi hankalinsa a kwance yake. Kuma wanda ya zuba da yawa yana cewa ai ni ba ni da komai, ba kasafai mai burga ke yarda ya furta haka ba. Sannan ya nace cewa sai ka ga alama ta maimaitu a wurin mutum guda kafin ka dogara da ita, wanda shi ne maganar mahaifin Baba Dillali. In da zan zaɓa wa mutum littafi ɗaya a yau, na Elwood zan ba shi, Caro ya biyo baya don sanin asali. Hotunan Caro ma na zamanin wani salon foka ne da ba a cika yi yanzu ba.

Injiniya_Kawo:
To a intanet fa, inda mafi yawan wasan yake yanzu? Ba fuska ba hannu.

Gwani_Lissafi:
Can ma akwai saurin dannawa da jinkiri, da girman abin da mutum ya zuba. Da yawa daga ƙwararru za su ce maka yawan kuɗin da mutum ya tura ya fi fuskarsa faɗin gaskiya, ko a gaba da gaba.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum daga Gana. Sadauki, tunda kana kallon tsofaffin gasa, nemi ƙarshen ta 2003. Mutum 839 suka shiga, ya rage Chris Moneymaker, akanta daga jihar Tennessee da ya samu gurbi ta wasan intanet, da Sammy Farha, tsohon hannu. Akwai rabon da Moneymaker ba shi da komai sai sarki, abin da yake nema bai zo ba, amma ya tura duk abin da ke gabansa. Farha na da katin tara guda biyu, ya fi shi. Ya daɗe yana nazari, har ya faɗa da bakinsa cewa yana zaton abin da yaron ke nema ne bai samu ba. Ya karanta daidai! Amma ya zubar da katinsa. Moneymaker ya zauna kamar dutse da baƙin tabarau, daga ƙarshe ya tafi da dala miliyan 2.5. Ni abin da na ɗauka a nan, ganewa dabam, iya aiki da abin da ka gane dabam. Ban san littafin da ke koyar da na biyun ba.

Malama_Halayya:
Ɗan'uwa na Kumasi, mu da muke kallo muna ganin katunan kowa ta kyamarar da ke jikin teburi, shi ya sa komai ke zama a fili. Kuma masu haɗa shirin rabon da ya ƙayatar suke zaɓa. Sau nawa wani ya zuba ido minti biyu ya yanke hukunci ya faɗi, ba a nuna mana ba? Annie Duke, tsohuwar 'yar wasan foka, ta yi bayanin wannan a Thinking in Bets na 2018: mukan auna kyan shawara da sakamakonta, alhali shawara mai kyau na iya ƙarewa da asara, marar kyau kuma ta dace.

Sadauki, ga buƙatarka ni littafin Maria Konnikova zan ce ka fara da shi, The Biggest Bluff, na 2020. Tana da digirin digirgir a ilimin halayya daga Jami'ar Columbia, ta shiga wasan ba ta san komai ba, ƙwararren ɗan wasa Erik Seidel ya koyar da ita, har ta ci wata gasa a Bahamas a farkon 2018 da sama da dala dubu 80. Abin da ya fi amfani a ciki shi ne inda aka nazarci bidiyon wasanta aka nuna mata alamomin da ita kanta take bayarwa ba ta sani ba.

Tsohon_Dalibi_Lefkosha:
Malama, da girmamawa, irin wannan labarin na wadda ta fara daga sifili ta ci gasa shi ne ya fi haɗari ga matashi. Ita tana da babban malami da aikin da take ci da shi. Waɗanda muka zauna da su a ɗakunan nan ba wanda ya rubuta littafi a kansu.

Malama_Halayya:
Na karɓi gyaran. Ita ma ta yi magana mai tsawo a kan rawar da sa'a ke takawa, amma gaskiya ne mai karatu ya fi riƙe nasarar.

Yar_Birni:
Tambaya daga gefe, mu da muke yin whot da yara lokacin hutu ba kuɗi, akwai irin wannan a ciki? Ƙanwata duk sanda ta riƙe katin da za ta sa a ɗebi biyu sai ta fara gyara zama.

BaDamagare:
Shi ne dai, Yaya. Kin riga kin san yadda take zama in ba ta da komai, shi ya sa kika lura.

Sadauki_Fagge:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci zancen zai kai haka ba. Tsohon Ɗalibi, maganarka ba za ta bar raina ba, kuma na yi alkawari tsakanina da Allah ba zan zauna a teburin ba. Zan nemi na Navarro wanda ba na karta ba, sai na Annie Duke. Amma har yanzu akwai abin da ban gane ba. Gwani ya ce mai nuna rauni ƙarfi gare shi. To idan kowa ya karanta littafin, ya san an san haka, ba sai ya juya abin ba? Ya nuna rauni alhali raunin ne da shi?

Gwani_Lissafi:
Ana yi, kuma manyan 'yan wasa na saka alamar ƙarya da gangan. Shi ya sa da yawansu suka zaɓi su daina nuna komai: zama iri ɗaya, daƙiƙa iri ɗaya kafin kowane motsi, wasu har da rufe wuya da mayafi don kada a ga bugun jijiya.

Dillalin_Wudil:
Sadauki ɗana, a kara ma akwai masu juyawar. Akwai wani mai saye da ya gane ina lura da waiwayensa, sai ya koma waiwayar san da ba ya so. Kasuwa biyu ya yi yana samuna. A ta uku na daina kallonsa gaba ɗaya, na koma kallon yaron da ke riƙe masa igiya, don shi tun daga gida an faɗa masa wanda aka zo saye.